Yini guda a bakin tafkin Sakumono: fara duba ruwa kafin ka nemi tsuntsu

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen zangon Ashaiman ne, direba nake, kuma kusan kullum ina bin hanyar bakin teku tsakanin Tema da Nungua. Nakan ga Turawa da wasu 'yan ƙasa sun tsaya a gefen tafkin Sakumono da madubin hangen nesa, su shafe awanni suna kallo. Ni kuwa in na duba ba na ganin komai sai taɓo da balbelu da ledoji. Me suke kallo ne? In ina so in ware yini ɗaya in gwada, wane lokaci ya fi, me zan tanada, kuma sai mai kuɗi ne ke iya wannan abu?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare hanya. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: me ke cikin wannan taɓo da har mutum zai baro ƙasarsa ya zo kallo, yaushe ake zuwa, kuma da wane kaya. Zan amsa duka. Amma akwai abu ɗaya da in ka riƙe shi, sauran za su zo maka da sauƙi. A dausayin bakin teku, zurfin ruwa ne ke raba wa tsuntsaye wurin cin abinci. Kowanne yana kiwo ne iya inda ƙafarsa ta kai da inda bakinsa ya kai. Wanda ya iya duban ruwa, ya gane inda ya janye ya bar danyen taɓo, shi ke ganin tsuntsaye. Wanda bai iya ba, ko da madubi mafi tsada ya zo, zai koma gida yana cewa wurin babu komai.

Abin da ya sa wurin ya yi suna

Sakumono ɗaya ne daga cikin dausayoyin bakin teku biyar da Ghana ta sa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 1992. Sauran su ne bakin kogin Densu a yammacin Accra, da Muni-Pomadze a Winneba, da Songor wajen Ada, da kuma Keta, wanda ya fi kowane tafkin bakin teku girma a ƙasar. Ita yarjejeniyar an sa mata hannu ne a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairun 1971, don kare fadamu da dausayoyi, musamman waɗanda tsuntsayen ruwa suka dogara da su. Sakumono shi ne ƙarami a cikin biyar ɗin, fili ne da bai wuce hekta 1,400 ba, kuma sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ta Ghana ne ke da alhakinsa.

Tsuntsayen da ke jawo mutane galibinsu baƙi ne. Dattawan da suka taso a arewa sun san shamuwa, wadda ke zuwa da damina ta tafi in ruwa ya ɗauke. To waɗannan ma 'yan ci-rani ne irinta, sai dai hanyarsu ta fi tsawo nesa ba kusa ba. Suna yin ƙwai a can ƙuryar arewacin duniya, a Girinlan da Aisilan da arewacin Turai da Saiberiya, cikin 'yan makonnin da ƙanƙara ke narkewa. Sanyi na kawo kai sai su biyo gaɓar tekun Atilantika su gangaro, wasu su yada zango a Banc d'Arguin ta Muritaniya, wasu a tsibiran Bijagos na Gini Bisau, wasu su zarce har nan. Akwai wata 'yar farar tsuntsuwa da ke tsere da igiyar ruwa a kan yashi, wadda daga Girinlan take zuwa, tafiyar fiye da kilomita 7,000, alhali nauyinta bai wuce giram 50 zuwa 60 ba. Akwai wadda ta fi ta ƙanƙanta, kimanin giram 25, daga Saiberiya. Shi ma wanda ke cika gonakin shinkafa a fadamar Haɗeja da Nguru lokacin hunturu, jinsi ɗaya ne da wanda za ka gani a Sakumono.

Kai direba ne, ka san mai ɗaukar kaya daga Tema zuwa Yamai ba ya tashi sai ya san gidajen man da ke kan hanya. Waɗannan tafkuna su ne gidajen man tsuntsayen. A cikin taɓon da kake gani akwai tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da ƙaguwa da 'ya'yan kifi, su suke ci su tara kitsen da zai mayar da su gida.

Wane wata, wace rana, wace sa'a

Baƙin sukan fara isowa daga Agusta, su yi yawa tsakanin Satumba da Disamba, su zauna har Maris ko Afrilu. In ka je a Yuni ko Yuli, lokacin da ruwan saman Accra ya cika tafkin ya shafe taɓon, za ka tarar da 'yan gida kawai. Ga wanda zai fara, ni Nuwamba zuwa Janairu nake zaɓa masa, domin ruwa ya fara ja da baya, gefen tafkin ya buɗe, kuma tsuntsaye sun natsu a wuri ɗaya. Hazon hunturu yakan rage nisan gani a wasu ranaku, amma yana kawo sanyin safiya da ke sa mutum ya jure tsayuwa. Ƙarshen Maris yana da nasa daɗin. A lokacin wasu suke fara sauya gashi kafin tafiya, sai ka ga tsuntsun da ya yi wata biyar yana toka-toka ƙirjinsa ya fara ja kamar jan bulo.

Sai batun cikar teku da janyewarsa. Teku yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, don haka mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya samu rabin jadawalin. A gaɓar Ghana bambancin cika da janyewa ba shi da yawa, wajen mita ɗaya ne ko sama da haka kaɗan. Amfaninsa gare ka shi ne, in teku ya cika ya rufe yashi da duwatsun gaɓa, tsuntsayen da ke kiwo a can sukan shigo cikin tafki su taru su huta, ka same su a dunƙule. In ya janye sai su watse.

Amma kada ka ɗora komai a kan wannan a Sakumono. Tafkin ba a buɗe yake da teku ba, ta wata 'yar kwalbati a ƙarƙashin titin da kake bi suke haɗuwa, saboda haka ruwan sama da abin da rafuka ke kawowa daga wajen Ashaiman sun fi cikar teku tasiri a kansa. A nan ka fi masu zuwa daga nesa sa'a. Kana wucewa kullum, sai ka riƙa lura da gefen ruwan. Ranar da ka ga wani faffaɗan ɗamara na danyen taɓo mai sheƙi ya fito tsakanin ruwa da ciyawa, lokaci ya yi.

Game da sa'a, rana a Accra tana fitowa wajen ƙarfe shida duk shekara. Ka yi sallar asuba, ka sha kokonka, ka kasance a wurin kafin ta fito. Daga shida zuwa tara shi ne zinariyar yinin. Da goma ta wuce ƙasa ta ɗau zafi, iska ta fara rawa a saman taɓo, duk abin da ke nesa sai ya narke a cikin madubi. Ka tabbata rana tana bayanka. In ka fuskance ta, kowane tsuntsu baƙi zai zame maka. Daga Oktoba zuwa Fabrairu rana tana karkata ta kudu, tafkin kuma yana arewa da titi, don haka mai tsayuwa ta wajen titin yana samun haske mai kyau.

Yadda nake tafiyar da safiyar

In na isa ba na ɗaga madubi nan take. Nakan tsaya in duba wurin da ido, in raba shi gida huɗu a raina: busasshiyar ƙasa, danyen taɓo, ruwa iya idon sawu, da ruwa mai zurfi. Sannan in sami wuri in zauna, don mutum a zaune ba ya firgita tsuntsu kamar mutum a tsaye. Bayan kamar minti goma sha biyar sai su manta da kai su ci gaba da harkarsu, wasu har su matso.

Ka fara da balbelun nan da ka ce kana gani, domin ba iri ɗaya ba ne. Balbelar da ka sani mai bin shanu gajera ce, bakinta rawaya, kuma ba ta cika shiga ruwa ba. Akwai wata fara siririya mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, amma yatsunta rawaya, tana tafiya cikin ruwa tana karkaɗa ƙafa ɗaya a taɓo don ta tayar da kifi. Akwai babba mai dogon wuya da ke lanƙwashe, wadda ke tsayawa cik a inda ruwa ya fi zurfi. Akwai kuma mai launin toka mai duhu da farin maƙogwaro, ita 'yar bakin teku ce ta asali. In ka iya raba waɗannan huɗu a safiyar farko, ka yi aiki. Zalɓe kuwa ba ya ɓuya, shi ne dogon nan mai ruwan toka da ya fi kowa tsawo.

Wanda nake so ka nema musamman shi ne wani baƙi ƙirin, mai rawayan yatsu, wanda Sakumono ya yi suna da shi. Zai yi taku biyu ko uku a ruwa marar zurfi, sai farat ɗaya ya watso fukafukansa gaba ya haɗe bakinsu, ya yi laima da su, kansa a ciki. Zai tsaya haka daƙiƙa biyu ko uku. Inuwar tana kashe ƙyallin rana a kan ruwa har ya ga ƙasa sosai, ƙananan kifaye kuma sukan gudo cikinta neman mafaka. Sai ka ga laimar ta ɗan girgiza, ya ɗago da kifi a baki, ya naɗe fukafukai, ya ƙara taku uku ya sake. Wani lokaci za ka ga goma ko fiye suna yi tare a layi, wannan na buɗewa wancan na rufewa. Duk wanda na kai wurin ya ga wannan, ba ya sake tambayata me ake kallo.

Daga nan ka koma kan ƙananan da ke danyen taɓo, waɗanda su ne ainihin baƙin. Kada ka fara da neman sunansu, fara da yadda suke ci. Kashi ɗaya da ido suke farauta: manyan idanu, gajeren baki, su ruga da gudu, su tsaya cak, su sunkuya su tsinci abu, su sake rugawa. Kashi na biyu da taɓawa suke nema: kai a sunkuye, suna tafe suna caccaka baki cikin laka ba tsayawa, domin ƙarshen bakinsu yana jin motsin abin da ke ƙasa. A cikin kashi na biyun ne tsawon baki ke aiki. Mai ɗan gajeren baki yana tsintar na sama-sama a gefen ruwa, mai matsakaici yana shiga har ruwa ya taɓa cikinsa, shi kuwa babban nan mai ruwan ƙasa da dogon baki lanƙwasasshe ƙasa, ramin ƙaguwa yake zura wa baki. In ya zaro ta sai ya yi ta girgiza ta har ƙafafunta su ɓalle, sannan ya haɗiye. Can cikin ruwa kuma za ka ga wani fari da baƙi mai siraran jajayen ƙafafu dogaye ƙwarai, yana kiwo inda sauran ba sa iya kaiwa. Shi ya sa garke ɗaya mai jinsi shida ko bakwai ke iya cin abinci a fili ɗaya ba tare da faɗa ba.

Kunne ma yana aiki. Fiton kirinjijiya za ka ji kafin ka ga garkensu. Zakaran ƙeƙuwa kuwa shi ne mai gadin wurin, da ya hango ka zai fara ƙara, kuma in ya tashi yana kewaya kanka, alama ce ka matso da yawa. Ka riƙa ɗaga kai lokaci-lokaci, akwai wani mai kamun kifi, fari da baƙi dabbare-dabbare, da ke tsayawa wuri ɗaya a sama yana kaɗa fukafukai kafin ya faɗo ruwa da ka. In kuma ka ga duk ƙananan sun tashi gaba ɗaya ba dalili, duba sama, shaho ne ya gilma.

Da hantsi ya yi zafi ka nemi inuwa, ka ci abinci, ka yi azahar, ka huta. Bayan la'asar ka dawo. Yamma ta tsuntsayen teku ce, farare masu siraran fukafukai da wutsiya mai baki biyu, waɗanda ke yini suna bin jiragen masunta su dawo gaɓa su kwana. Sun fi yawa daga Agusta zuwa Oktoba, bayan lokacin da ƙananan kifaye ke cika tekun Ghana. In kana son ganinsu suna rububin kifi wajen jan koma, kada ka zaɓi Talata, don a al'adar masuntan Ga da Fante ba a shiga teku ranar. Babbar matattararsu kusa da Accra ita ce fangulan gishirin da ke bakin Densu, amma ban ba ka shawarar haɗa wurare biyun a yini ɗaya ba, ka fi ni sanin cunkoson da ke tsakanin Tema da Weija, can wajen Densu. Ka ware masa wata rana, kuma ka nemi izinin masu wurin kafin ka shiga.

Kaya

Ba sai mai kuɗi ba. Madubin hangen nesa na ido biyu shi ne kawai abin da ya zama dole, kuma na hannu ma ya isa in lafiyayye ne. Nemi wanda aka rubuta 8x42 ko 10x42 a jikinsa: lambar farko sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Guji masu jan gilashi da manyan lambobi da ake tallarsu a bakin titi, rawar hannu kaɗai za ta hana ka ganin komai. Kafin ka biya, duba wayar lantarki mai nisa da shi. In ka ga ta rabu biyu ko idonka ya fara ciwo, ajiye shi. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani ƙwarai a fili irin wannan, amma kada ka saya yanzu. Masu shi galibi suna murna in aka yi musu sallama aka nemi leƙawa.

Sai littafin tsuntsayen Ghana na Borrow da Demey in ka samu, ko manhajar Merlin ta gane tsuntsaye a waya, wadda kyauta ce. Ƙaramin littafin rubutu da fensir, hula, ruwan sha mai yawa, tufafi masu duhun launi, farar riga a bar ta sai Juma'a. Sa takalmi rufaffe, kuma kada ka shiga ruwan, domin kwatocin unguwanni da yawa a ciki suke ƙarewa. Ku tafi ku biyu.

Tazara, da mutanen wurin

Abin da na fi tsanantawa a kai shi ne kada ka tayar da garke don ka ga tashinsu ko ka ɗauki hoto. Duk tashi ɗaya kitse ne ya ƙone, kuma tsuntsun da bai tara abin da ya isa ba kafin Afrilu, ko ya mutu a hanya ko ya isa a makare ya rasa yin ƙwai. In ka ga sun daina ci sun miƙe wuya, tsaya inda kake. Daga Afrilu zuwa Agusta kuma ka kula da inda kake taka ƙafa a busasshiyar ƙasa, saboda 'yan gida a ƙasa suke ƙwai, har akwai wata ƙarama da ke tura yashi ta rufe nata in ta ga mutum.

Tafkin yana da masu shi. Ga mutanen Ga na Tema wuri ne mai alfarma a al'adarsu, suna da watannin da ake rufe kamun kifi a cikinsa. Ka gaida masunta da makiyayan da ka tarar, kada ka ɗauki hoton kowa ba izini. Sau da yawa su ne za su nuna maka inda tsuntsaye suka koma a makon.

Iyakar abin da yini ɗaya zai ba ka

Ba za ka gane kowane tsuntsu ba. Ƙananan baƙin nan a gashinsu na hunturu sun yi kama da juna ƙwarai, mu da muka daɗe a ciki ma mukan bar wasu ba suna in nisa ya yi yawa ko haske ya ɓaci. Rubuta abin da ka gani kawai: girma, launin ƙafa, siffar baki, zurfin ruwan da yake ciki.

Kuma Sakumonon yau ba shi ne na 1992 ba. Gidaje sun ci filin ta kowane ɓangare, har hukumomi sun sha zuwa rusau, datti da yashi suna cike tafkin, kacalla da ciyayi suna mamaye inda a da taɓo ne. Wannan yana ci mini rai, domin ruwan da dausayin ya kamata ya shanye shi ne ke komawa cikin ɗakunan mutane da damina. Akwai ranar da za ka je ka tarar da abu kaɗan. In haka ta faru, gwada Densu ko Winneba, in kuma ka sami kwana biyu, Songor ko Keta.

Abu na ƙarshe, ka riƙa duban ƙafafunsu. Wasu suna ɗauke da zobba masu launi da masu bincike suka sa musu. In ka gani, rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu daban ta dama daban, da rana da wuri. Irin waɗannan zobba ne suka nuna cewa wani tsuntsun teku mai ɗan jan ƙirji, wanda babbar matattarar ƙwansa a Turai take a tsibirin Rockabill kusa da Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, a gaɓar Ghana yake hunturu, kuma yara suna kama shi da tarko a bakin ruwa. Daga nan aka fara aikin ceton tsuntsayen gaɓa a shekarun 1980 ƙarƙashin Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu, kuma ƙidayar da suka yi ta taimaka wajen sa wuraren nan biyar cikin Ramsar. Abin da ka rubuta za ka iya kai wa ƙungiyar Ghana Wildlife Society a Accra, ko ka shigar a manhajar eBird. Ka rubuta adadi ma, ko da kiyasi ne, ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ƙirga goma, ka ga faɗin da suka ci, ka auna sauran garken da shi. A tsakiyar Janairun kowace shekara ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa lokaci ɗaya, kuma masu yin ta suna buƙatar mutum irinka, wanda ya san hanya, yake da mota, yake kuma ganin ruwan tafkin kowace safiya. In ka je ofishinsu ka tambayi ranar da za su fita.